Hanyar Lafiya A Bi Ta Da Shekara: Tarihin Mai Tafiya A Ƙasa Da Mai Keke A Mafara, Bakura Da Maradun



Da aka nemi in rubuta wani abu game da tarihin ƙasarmu a wannan fitowa, sai na ga cewa tarihin sarauta da na yaƙe-yaƙe akwai waɗanda suka fi ni saninsa nesa ba kusa ba a cikin wannan ƙungiya. Saboda haka na zaɓi abin da kowa ke takawa kullum amma ba a cika rubuta labarinsa ba, wato hanya. Kakanninmu da ƙafa suka yi fatauci da neman ilmi. Iyayenmu da keke suka yi aikin gwamnati da cin kasuwa, daga Ruwan Gizo ko Morai ko Garbadu zuwa kasuwar Talata. Mu kuwa yau da yawanmu ba za mu yarda mu aiki ɗan shekara 10 ya tsallaka kwalta a kan keke ba, ko da kuwa gidan kakarsa za shi. Mene ne ya sa hankalin mai tafiya ya kwanta a wancan zamani, kuma a ina aka yar da shi? Abin da nake so mu bi diddiginsa ke nan.

Cikin ganuwa da bayan ganuwa

Kafin zuwan Turawa tafiya iri biyu ce a ƙasar Hausa, ganuwa ce kuma ta raba su.

Ta bayan ganuwa tafiya ce ta sai da rai. Tsakanin Zamfara da Sakkwato akwai Dajin Gundumi, wanda ba ruwa a cikinsa, ga kuma mahara daga Gobir suna kwanton ɓauna. Baturen nan Kilafaton, wanda ya iso wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, da rakiyar mayaƙa ya ratsa shi. Bajamushen nan Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, shi ma a 1853 sai da ayarinsu ya yi tafiyar fiye da yini da kwana ba tare da an sauke kaya ba, don tsoron abin da zai biyo bayan tsayawa. Maganin wannan tsoro a wurin mutanen dauri shi ne yawa. Ba a fita ɗai-ɗai. Fatake su taru su yi ayari, madugu ya ja ragama, jagaba ya wuce gaba ya duba hanya, a sauka a zangon da aka sani, inda akwai rijiya da mai masauki.

Hukumar wancan lokaci ma ba ta zura ido ba. Sarkin Musulmi Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya bi tsarin kafa garuruwan ribaɗi a kan iyakoki da manyan hanyoyi, Bakura da Maradun kuwa suna cikin garuruwan da suka yi wannan aiki. Hikimar a fili take, hanyar da ke da gari mai ganuwa a kowane zango ta fi hanyar da babu kowa a kanta sai namun daji. A cikin littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da kasuwanni da hanyoyi da gadoji a cikin abubuwan da ke wuyan shugaba. Kada mu manta kuma mahaifinsa, Shehu Usmanu, ya yi kimanin shekara 5 yana zagaya Zamfara da wa'azi tun daga wajen 1786, kuma Faru ta ƙasar Maradun tana cikin wuraren da ya zauna. Duk wannan zirga-zirga a kan waɗannan turbobi aka yi ta, da ƙafa da bayan dabba.

To, da zarar mutum ya shigo ƙofar gari labari ya sake. A nan nake so in ɗan daɗe, don kuwa a nan amsar tambayarmu take.

Duk wanda ya taɓa ratsa tsofaffin shiyoyin Mafara, ko cikin birnin Katsina, Kano ko Zariya, ya san lungu. Matsattse ne, katangun ƙasa dogaye dama da hagu, yana karkacewa nan ya lanƙwasa can. Injiniyan zamani zai kira shi rashin tsari. Amma a ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wannan matsi shi ke sa inuwar katanga ta rufe mai tafiya da safe da kuma bayan azahar, karkacewar kuma tana karya ƙarfin iskar hunturu da ƙurarta. Inda lungu ya buɗe sai ka tarar da durumi ko ceɗiya ko tsamiya, da rijiya, da masallacin unguwa. Mutum ba ya yin tafiya mai nisa bai sami wurin da zai tsaya ya sarara ba.

Na biyu, babu abin da ke gudu. Jaki da kayansa, raƙumi, takarkari, mai tallan fura, tsoho da sandarsa, duk kusan tafiyarsu ɗaya. Doki ne kaɗai zai iya sukuwa, shi ma filinsa ƙofar fada ne ranar hawa, lungu ba ya ba shi dama. Idan aka yi karo, iyakarta ƙwarya ta fashe a yi ta ba da haƙuri.

Na uku shi ne wanda na fi ba muhimmanci, wato idon jama'a. Kowane gida zaurensa hanya yake kallo. Maigida yana zaune a ciki ko a dakali, baduku yana ɗinki, masaƙi yana jefa ƙoshiya, malam yana biya wa almajirai, da dare kuma ga hasken wutar karan da suke karatu a gindinta. Baƙo ba zai wuce gida uku ba a yi masa sannu an tambaye shi wurin wa ya zo ba. Yaro in ya yi ɓatan kai, kafin ya gama kuka an gane ɗan gidan wane ne. Shi ya sa matan aure, waɗanda al'ada ta sa fitarsu unguwa sai bayan magariba, suke iya ratsa gari zuwa barka ko gaisuwar mutuwa da rakiyar ƙaramin yaro mai riƙe da fitila kawai. A 1961 wata marubuciya a Amurka, Jane Jacobs, ta yi suna a duniya saboda ta nuna cewa idanun mazauna unguwa da masu kantuna su ke tsare titi fiye da 'yan sanda. Da ta zo zauren kakan kowane ɗayanmu, da an taƙaita mata wahalar bincike.

Akwai kuma shari'a a bayan wannan al'ada. Malamanmu na addini sun karantar da mu cewa hanya tana da haƙƙi a kan mai zama a bakinta, ya runtse ido, ya kame daga cutarwa, ya amsa sallama, ya yi horo da alheri ya hana mummuna, kuma kawar da abin cutarwa daga hanya yanki ne na imani. Hadisi ya yanke cewa idan aka yi jayayya a kan faɗin hanya a bar mata kamu 7, abin da zai isa dabba mai ɗauke da kaya ta wuce. Wato dai ba a yarda wani ya ci hanya da gini ko ya sako mata ruwan ƙazanta ba, ko da yake kowa ya san tsakanin abin da ke cikin littafi da abin da maƙwabci ke yi akwai 'yar tazara.

Ba ina cewa zamanin aljanna ne ba. Da damina lungu taɓo ne, kududdufai su cika su kawo sauro, dare in babu farin wata duhu ne ƙirin, ga kura tana shawagi a bayan gari. Talaka kuma in basarake ya taho a kan doki dole ya kauce ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Amma uwa ba ta fargabar cewa hanya da kanta za ta kashe mata ɗa.

Burji, dogon yaro da Raleigh

Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903. Yaƙe-yaƙe tsakanin garuruwa suka lafa, aka daina rufe ƙofofi, ganuwa ta fara zubewa ba mai yaɓe. Mutane suka bazu suka kafa tungaye da ƙauyuka kusa da gonakinsu. A wannan zamani ne bayan ganuwa ya sami irin natsuwar da a da sai cikinta, har mutum ɗaya ya iya saɓa sandarsa ya kama hanyar Gusau.

Turawa ba don jin daɗin mai tafiya suka shata hanyoyi ba. Auduga da gyaɗa da fatu suke so su kai bakin jirgi, musamman bayan da dogo ya ratsa Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Da aikin tilas aka yi yawancinsu, ta hannun hakimai da dagatai, dattawa kuma ba su manta da wannan ba. Sai dai hanyar burji ta zo da abubuwa biyu da suka amfani talaka ba da niyya ba. Motoci kaɗan ne, gargada kuma ba ta barinsu su yi gudu, tun daga nesa ka ji rurin lori ka hangi ƙurarta ka kauce. Sannan En'e ta bi gefen hanyoyi da kasuwanni da makarantu da dashen itatuwa. Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko bedi ko maina, asalinsa daga ƙasar Indiya yake, ya shigo Arewa wajen ƙarshen shekarun 1920, ya fara kama ƙasa a Borno kafin ya game lardin Sakkwato. Akuya ba ta cika damuwa da shi ba, fari ba ya kashe shi da wuri, yana kuma riƙe ganyensa a lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Ni a ganina, a duk abin da aka shigo da shi ƙasar nan a ƙarni na 20, kaɗan ne suka yi wa mai tafiya a ƙasa hidimar da wannan itace ya yi masa.

A kan wannan hanya keke ya sami gindin zama. Irin keken da muka sani, mai ƙafafu daidai da kaca, a Ingila aka fito da shi a 1885, tayar da ake hura wa iska ta biyo baya a 1888, kamfanin Raleigh na Nottingham kuma ya tashi a waɗannan shekaru. Da ya iso mana, na manya ne. Malamin makaranta, malamin haraji, malamin gona, duba-gari, ɗan baranda mai sayen gyaɗa, su ke hawansa. Dattawa suna ba da labarin yadda ake yanka wa keke lamba a En'e kowace shekara, da yadda ɗan doka zai tare wanda ba shi da birki ko ƙararrawa, ko ya fito da dare babu fitila. A gari kuma ga masu kekunan haya, yaro ya tara 'yan kwabbansa ya karɓa na ɗan lokaci ya koya, ya ƙuje gwiwa, ya dawo da shi yana addu'ar kada mai shi ya lura da kan da ya karkace.

Abin lura shi ne keke bai rushe tsohon tsari ba, ya shige cikinsa ne. Yana shiga lungu, gudunsa bai wuce a ce ninki uku ko huɗu na mai ƙafa ba, mai shi fuskarsa a buɗe take, yana sallama ana amsawa, in ya iso majalisar dattawa ya sauka ya tura. Amma ya mayar da tafiyar yini ta koma ta hantsi. Buhun gero a kariya, kaji a rataye a kai, mutumin ƙauye ya ci kasuwar Talata ya koma gida ya yi la'asar. Kasuwar keke ta yi ƙarfin da har Raleigh ta kafa masana'anta a Kano, daga baya kuma Phoenix na ƙasar Sin da Hero da Avon na Indiya suka shigo da araha. Darajarsa a ƙauye ba ta faɗi da wuri ba. Hukuncin yanke hannu na biyu da aka zartar a Zamfara, a 2001, a kan satar kekuna ne.

Shekarun Bakolori

Cikin shekara 10 kacal komai ya juya. Ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama. Kuɗin man fetur suka shigo, aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a farkon 1975, a shekarar kuma aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna. Malamin da jiya ke alfahari da Raleigh ya jingine shi a zaure ya sayo Honda ko Vespa, wanda ya fi shi albashi ya karɓi bashin mota. Tun daga nan keke ya zama alamar wanda bai samu ba, wannan tabo kuwa har yau bai goge ba.

Mu a nan sauyin ya zo mana da ƙarfi fiye da sauran wurare saboda madatsar ruwa ta Bakolori. Kamfanin Impresit na Italiya ya fara aikin a 1974 a kan kogin Sakkwato, aka gama madatsar a 1978, aka ci gaba da haƙa magudanan ban ruwa har farkon shekarun 1980. Manyan motoci da katafila suka cika ƙasar Mafara, Bakura da Maradun. Tsofaffin turbobin da ke haɗa ƙauye da gona da fadama wasu ruwa ya shanye su tare da garuruwan da aka tasa, wasu aka baje su aka shata sababbi a miƙe bisa taswirar injiniya. Aka sare itatuwa masu ɗimbin yawa, kuka da ɗorawa da tsamiya da kaɗanya, don injin ban ruwa ba ya son abin da zai tare shi. Manomi ya sami hanya mai kyau a bakin magudana, wadda keke ke jin daɗinta ƙwarai, amma ya rasa inuwar da zai tsaya a ƙarƙashinta.

Da rikicin diyya ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, makamin da manoma suka ɗauka shi ne tare hanyoyin da motocin aikin ke bi. A Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. Wannan babi ne da ya cancanci rubutu na kansa. Na kawo shi ne don a ga cewa tun a lokacin tambayar ko hanya ta wace ce, ta mai mota ko ta mai ƙasa, ba ta wasa ba ce a wurinmu.

Ita kuwa babbar kwaltar Gusau zuwa Sakkwato, da ta yi kyau sai ta ja gari zuwa bakinta. Tasha, gidajen mai, shaguna, masu shayi da masu tsire, makarantu da ofisoshi, kowa ya dawo titi. Hanyar da aka yi don mota ta wuce da sauri ta zama ita ce tsakiyar gari, ba tare da an ware wa mai ƙafa ko taku ɗaya ba. Ɗan abin da ya rage a gefe, mai kanti ya fito da rumfarsa, mai faci ya baje kayansa, tirela ta kwana a kai. Sai mai ƙafa da mai keke su hau kwalta su yi kafaɗa da kafaɗa da tankar mai.

Lissafin gudu

Malamanmu na kimiyya, Allah Ya saka musu, sun sha wahalar cusa mana wani lissafi da muka ɗauka na cin jarrabawa ne kawai. Idan gudun mota ya ninka sau 2, nisan da za ta ja kafin birki ya tsayar da ita yana ninkawa sau 4 ne. Motar da ke kilomita 30 a awa tana cin kamar mita 8 a daƙiƙa ɗaya, mai kilomita 60 kuwa kusan mita 17, tun direba bai ɗaga ƙafa ba. Bayanan Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa wanda mota ta buge a gudun kilomita 30, kusan 9 cikin 10 suna rayuwa, daga nan kuwa haɗarin mutuwa hawa yake yi da sauri. Shi ya sa taron ƙasashen duniya da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda motoci ke cuɗanya da mutane. Rahoton hukumar na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba, alhali ita ce ta fi ƙarancin motoci.

Bayan matsin tattalin arziki na 1986 sai ga kabu-kabu, daga baya baburan Sin da na Indiya masu araha suka cika ko'ina. Babur ya taimaki jama'a, ba mai musun wannan, ya kai mara lafiya asibiti ya ba dubban matasa abin yi. Illarsa ita ce ya kai gudu har cikin lungu, wurin da mota ta kasa shiga. Mafakar ƙarshe ta yaro da tsoho ke nan ta tafi. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, amma ƙarfinta a kan manyan hanyoyi yake. A 2001 Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma hawan keke, har ya riƙa hawa zuwa taron majalisar zartarwa a Abuja, sai wata bas ta ture shi cikin lambatu. 'Yan jarida suka yi ta dariya. Ni kuwa ina ganin bas ɗin ta ba da amsar da ta fi ta kowa, ba a kiran mutane su hau keke kafin a yi musu inda za su bi.

Wasu za su ce ai Turai daban ce. To, ƙasar Holan da ake misali da ita yau, a 1971 mutum kusan 3,300 mota ta kashe mata, fiye da 400 daga ciki yara ne. Iyaye mata suka fito zanga-zanga suna tare tituna, ƙarancin mai na 1973 ya zo ya ƙara musu hujja, daga nan aka shiga ware wa keke hanyarsa da dakali tsakaninsa da mota, aka matse titunan unguwa aka karkata su da gangan don mota ta rage gudu. Wato da kuɗi da digiri suka ƙera abin da muke kira lungu. In kuma Holan ta yi nisa, ga Wagadugu nan a Burkina Faso, inda manyan tituna ke da sashen masu ƙafa biyu daban, mata da maza, ma'aikata da 'yan makaranta suna bi.

Gundumi ta dawo

Duk wannan maganar cikin gari ce. Ta bayan gari ba sai na gaya wa kowa ba, don babu gidan da abin bai taɓa ba. Ranar 26 ga Fabrairu, 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai 73 a makarantar jeka-ka-dawo ta Ƙaya a ƙasar Maradun. A wannan wata gwamnati ta rufe makarantu da kasuwannin mako, ta taƙaita sayar da mai da zirga-zirgar babura, aka kuma katse layukan waya. Garin da sunansa ma daga ranar kasuwarsa ya samo shi ya ga Talata ta zo ta wuce babu kasuwa.

Mai karatun tarihi ba zai kasa ganin kamar da ke tsakanin wannan da zamanin Barth ba. Mutane sun koma jiran juna a bakin gari don a tafi a ayari, ana neman rakiyar masu bindiga, ana tambayar wanda ya fito ko hanya ta yi kyau, ƙananan ƙauyuka suna watsewa zuwa manyan garuruwa kamar yadda kakanni suka riƙa gudu cikin ganuwa. Tafiyar asuba da ta yamma, waɗanda su ne lokutan sanyi da mai keke ya fi so, su suka fi zama abin tsoro. Waɗanda suka yi gudun hijira zuwa Mafara da Bakura da Maradun kuma, yawancinsu mata da yara, da ƙafa suke yawon neman abinci a bakin wannan kwalta da ba ta da gefe.

Tagwayen hanya

Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin mai. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Kekunan da suka yi shekaru a rataye aka sauko da su aka kai wa mai gyara, har da na wasu abokan aikina masu digiri, waɗanda da farko sai sun waiga kafin su hau. Abin da Minista ya kasa da lallashi, tsada ta yi shi da bulala. Sai dai mutanen sun dawo ne kan titin da ba a yi shi da su a rai ba.

A wannan shekara ta 2023 kuma Gwamnatin Tarayya ta ba da kwangilar mayar da hanyar Zariya, Funtuwa, Gusau zuwa Sakkwato tagwaye. Abin murna ne ga duk wanda ya san yawan rayukan da gaba-da-gaba ta ci a wannan hanya. Amma wanda ya bi ta Kaduna zuwa Kano ya ga abin da tagwayen hanya ke yi wa garin da ta ratsa. Tana raba shi biyu, gudun mota ya ƙaru, tsohuwa ta tsaya da ƙullin kayanta tana jiran sarari, yara su riƙa haura shingen tsakiya. Inda aka yi gadar sama ma, mai keke da mai kura da mai jaki da mai ciwon gwiwa ba sa iya hawanta, sai ta zama rumfar masu talla.

A cikin wannan ƙungiya akwai injiniyoyi, akwai ma'aikatan ƙananan hukumomi, akwai masu riƙe da sarauta da waɗanda suka zauna majalisa. Su nake roƙo su nemi ganin taswirar aikin a daidai inda ya ratsa Mafara da mararrabar Bakura da ta Maradun, su tambaya a ina ɗan makaranta zai tsallaka, a ina mai zuwa asibiti da mai zuwa kasuwa za su tsallaka, wane abu aka sa da zai tilasta wa direba rage gudu kafin ya iso wurin, ko an ware gefe mai dakali wanda tirela ba za ta iya hawa ba, ko akwai fitilu masu aiki da hasken rana, kuma itace nawa za a dasa a madadin waɗanda za a sare. Gyara irin wannan a kan takarda ake yinsa da araha, in an riga an zuba kwalta sai an fasa. Na itatuwan ma ba sai mun jira ɗan kwangila ba, kuɗin da muke kashewa a abincin taron shekara ɗaya zai sayi dashen dogon yaro da kejin kare shi daga ƙofar makarantarmu har bakin titi, in an dasa a farkon damina kuma cikin shekara 4 ko 5 ɗaliban da ke aji ɗaya yanzu za su bi ta ƙarƙashinsa zuwa ɗakin jarrabawar fita.